Bawul ɗin tururi yana kai-komo bayan an canja masa dayafiram

Makanikin_Jega:
Assalamu alaikum manyan injiniyoyi. Injin turara shinkafa ne a nan Kebbi. Bawul ɗin da ke sakin tururi daga boila irin wanda iska ke buɗewa ne, sifirin ya rufe. Farantin jikinsa ya nuna matsin iska bar 0.8 zuwa 2.4, tafiyar sanda milimita 25. Robar dayafiram, wato faifan robar da iska ke turawa a cikin akcuweta (na'urar da ke motsa sandar bawul), ta tsage, an sa sabuwa, an mayar da fozishina, wato na'urar da ke daidaita iskar don sanda ta tsaya inda siginar lantarki ta ce. Yanzu a siginar 4 mA, inda ya kamata ya rufe ruf, tururi na ci gaba da wucewa, a 12 mA kuma, wato rabin buɗewa, sandar sai hawa da sauka, ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ina kuskuren yake?

Instrumen_Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanena. Matsala biyu ce, kada ka haɗa su.

Rashin rufewar, mafi yawa daga maɗaurin da ke haɗa sandar akcuweta da sandar bawul ne. In an ɗaure shi babu iska ko kaɗan, sandar akcuweta ta riga ta kai ƙarshen tafiyarta, sai kan bawul, wato abin da ke toshe hanyar tururi, ya taɓa mazauninsa kawai ba tare da ƙarfin sifirin ya danne shi ba. Tururin bar 10 ba zai rasa hanyar wucewa a nan ba. Kulle layin, sauke matsin, ka bari ya huce. Kwance maɗaurin, ka ba akcuweta iska kai tsaye daga regileta, mai daidaita matsin iska, ban da fozishina. A 2.4 sandar ta kai har sama, in ka rage zuwa 0.8 ta sauko milimita 25. In ba haka ba, sifirin ne bai zauna daidai ba ko ɗaya ya karye. In ya yi daidai, tura kan bawul ƙasa ya zauna, ka ɗaga sandar akcuweta har sama, ka rage iska ta sauko milimita 25 cif, sannan ka ɗaure. Da ka saki sauran iskar, sifirin zai danne shi. Kuma don Allah kada a murɗa sandar alhali kan yana kan mazauni, nan take yake karce fuskar.

Daga nan sai hannun da ke gaya wa fozishina inda sanda take. A rabin tafiya, wato 12 mA, dole ya kwanta a miƙe. Gwada 4, 8, 12, 16, 20 mA, hawa da sauka. In fozishina mai kwakwalwa ne, sake masa saitin kansa tun daga farko.

Hajiya_Injiniya:
Malam ya gama da rufewa. Kai-komon kuwa, ni fakin nake zargi, wato abin da ke kewaye da sanda a wuyan bawul yana hana tururi yoyo. Da an ga tururi na tsartuwa a wuyan bawul sai a kama sifana a matse notin nan biyu iya ƙarfi, ga shi fakin na girafayit dama ya fi na robar PTFE riƙe sanda. Fozishina na ƙara iska, sanda ta ƙi, ta ƙi, can sai ta fizge ta wuce inda ake so, ya rage, ta sake makalewa. Dubi geji: in allura na hawa a hankali sanda na tsaye, sannan ta yi tsalle, shi ne. Sassauta notin daidai wa daida, kwata-kwatan zagaye.

In kuwa rawar mai sauri ce, shafa ruwan sabulu don gano yoyon iska a bakin murfin akcuweta, mahaɗan bututu da robar da sanda ke bi ta ƙasan akcuweta. Duba ramin numfashi na ɓangaren sifirin ma, zanzaro na son toshe shi da laka. Regileta ta tsaya wajen bar 2.8, a riƙa zubar da ruwan ƙasanta kullum da damina, a canja filta in ƙurar hunturu ta wuce.

Makanikin_Jega:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Akwai ɗan kumfa a bakin murfi. In ƙara matsewa?

Instrumen_Gusau:
A'a, buɗe ka duba, wataƙila robar ta naɗe ne. Cire iska tukuna, gajerun kusoshi da farko, dogayen a ƙarshe, kaɗan-kaɗan bi da bi, don su ke riƙe da sifirin. Wajen rufewa ka matse a gicciye. A akcuweta ta kamfanin Fisher samfurin 657 da 667 ana farawa da ƙarfin matse kusa na 13 N·m a gama da 27. In ka zarce, ƙarfe ke yanka bakin robar. Duba littafin naka don adadinsa.