Kamarar farauta a dajin gwamnati: wane ne rago?

Ɗan Ƙetare: Jama'a, raina a ɓace yake. Tun asuba na shiga dajin gwamnati a nan Amurka da lasisina na harbin barewa. Na sha tafiya har bakin ruwa, sai ga kamara ɗaure a jikin bishiya, irin mai tura hoto zuwa waya nan take. Mai ita yana kwance a gida, barewa na sa baki a ruwa wayarsa za ta sanar da shi. Jihar Arizona ta haramta farauta da kamarar daji kowace iri tun 1 ga Janairun 2022, Kansas ta hana sa ta a filayen gwamnati a 2023. Sauran jihohi su bi sahu, a raba mu da ragwaye.

Baban Yara: Ragwaye? Ka janye kalmar nan, ƙanena. Ina da kamara biyu, kuma kwana shida nake aiki a mako. Mai neman abincin iyalinsa ne rago?

Jikan Maharba: Kawu, ba da kai yake ba. Amma kakana da sawu da kashin dabba yake gane inda ta bi.

Baban Yara: Kakanka ya taɓa biyan kuɗin haya da dala?

Hajiya Babba: Ai shi ma mai ƙorafin da mota ya je daji, bindigarsa har da madubin hangen nesa. In dai ragwanci ne, duk kanwar ja ce.

Ɗan Ƙetare: Hajiya, bindiga ba ta gadin ruwa dare da rana. A Arizona ruwa ya yi ƙaranci, masu kamara suna ta zirga-zirga a mashaya suna takura wa dabbobi. Ita ce maganata.

Malamin Hausa: A gyara tukuna, wannan harbi ne ba farauta ba. Mai bindiga maharbi ne, mafarauci da karnuka da gora yake fita.

Jikan Maharba: Malam, a garinmu duka mafarauta muke ce musu.

Malamin Hausa: Garinku ba ƙamus ba ne.

Jikan Maharba: To kar a taɓa mini gari!

Baban Yara: Ni har yanzu ina jiran a janye "ragwaye".

Hajiya Babba: Bari in taƙaita tunda dare ya yi. Ɗan Ƙetare ya zagi mutanen da suka girme shi, kuma bai ba da haƙuri ba. Baban Yara ya kawo hujja mai ƙarfi, ba wanda ya iya amsa masa. Jihar Utah ma da ta hana sa kamarar, daga 31 ga Yuli zuwa 31 ga Disamba kawai ta hana, ka ga ke nan kamarar ba ta da wani aibu. Ɗan Ƙetare, muna jiran ban-haƙurinka da safe.