Abin da muka tsinta a hirar eriya a Nima

A hirarmu ta masu rediyon sha'awa a Nima, unguwa a Ankara (Accra) ta Ghana, gardama ta taso kan eriya mai hannu biyu ta zangon rediyo na mita 40. Lissafinta kowa ya sani: a raba 143 da 7.1, wato megahaz ɗin zangon, a samu waya kusan mita 20, a yanka gida biyu.

Wani matashi ya ce da ya rage tsawon kebul ɗin da ke haɗa rediyonsa da eriya, mai om 50 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), sai SWR, wato ma'aunin ƙarfin da ke dawowa daga eriya saboda rashin daidaito, ya sauka. Dattijon da ya fi mu daɗewa da lambar kira ta 9G, wato ta masu rediyon Ghana, ya ce, "Yaro, ba gyara ka yi ba, wuta ce ke bin bayan kebul ɗin. Sa balun a wuyan eriyar." Balun ƙaramar na'ura ce da ke hana wutar bin bayan kebul. Ni ma nan na tsaya.

A wayoyin haɗa rediyo da eriya kuwa, waya mai tsani (wayoyi biyu a jere, kamar tsani), ta om 450, ita ce aka fi yabo. Asararta kaɗan ce ko SWR ya hau, kuma ƙara mata mita ɗaya ko biyu kan sauya abin da tuna, na'urar daidaita eriya da rediyo, ke gani, har zangon da ya gagara ya kamu. Sai dai kada ta kwanta kan kwanon rufi, abu mai wuya a cunkoson Nima, kuma ruwan sama na jirkita ta.

Mahaɗan wayoyi kuwa a naɗe su da tef sosai, iskar tekun Ankara ba ta raga wa tagulla.