Manhajar lissafin shago ta ƙi tashi a sabuwar laftof

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai manhajar lissafin atamfa da shadda da na rubuta wa shagon kawuna a Kantin Kwari da yaren rubuta manhaja Python 3.8, lafiya lau take aiki. Da na koma sabuwar laftof mai Python 3.12, sai ta ƙi tashi ƙememe. In na zo saka tsohon numpy ɗinta (wani ƙunshin lissafi na Python da manhajar ke amfani da shi), sai kwamfutar ta ce: No module named 'distutils'. Ashe an cire distutils (wani ɓangaren Python da tsohon numpy ke buƙata kafin ya saku) daga 3.12, ita kuma 3.8 an daina mata gyaran tsaro tun Oktoban 2024. Don Allah, in ajiye Python 3.8 da 3.12 su biyun a kwamfuta ɗaya, ko in sabunta numpy in gyara manhajar? Kawu dai ya koma littafi da biro, kullum sai ya kira ni.