Muhawara: zuba kuɗi a sabon kaya, riba ce ko ƙona jari?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Ni fa har yanzu ina kan bakana, duk kamfani ko ɗan kasuwar da baya cire wani abu daga ribarsa yana zubawa wajen fito da sabon kaya to kwanan kasuwarsa ƙirgagge ne, ko da yau ciniki na tafiya. Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto, injiniyansu ne ya fara haɗa kyamarar dijital a 1975, suka ja ƙafa a kanta don kar ta kashe musu cinikin fim ɗin da ake sa wa kyamara, 2012 sai ga su a kotu sun karye. Wanda bai yarda ba ya fito.

Alhajin Kwari: Wa alaikumussalam. To gani na fito yaro. Ku 'yan boko matsalarku kenan, kamfanin da ya mutu kaɗai kuke ƙirgawa, baku ƙirga waɗanda sabon kayan ne ya kusa kai su ƙasa. Da tsohuwar zuma ake magani. Coca-Cola a 1985 sun canza ɗanɗanon lemonsu wai sun fito da sabo, mutanen Amurka suka yi musu caa, ko wata uku ba a rufa ba suka dawo da na da. Samsung fa? Wayarsu Note 7 a 2016 batir na kama wuta har aka hana shiga jirgi da ita, suka kwashe ta gaba ɗaya daga kasuwa. Su suna da kuɗin da zasu shanye asarar, kai da kake juya miliyan biyu in ka yi irin wannan sai dai a zo maka jaje.

Na Farm Centre: Alhaji da girmanka amma a harkar waya kam ba zan bi ka ba, don a gaban idonmu akai komai. Lokacin Nokia 3310 da 1100 mai tocila wa ya isa ya ce akwai ranar da za a nemi Nokia a shago a rasa mai tambayarta, sai iPhone ta fito 2007 Android ta biyo baya, su kuma suna ta jan jiki, 2014 Microsoft ta saye ɓangaren wayarsu. Amma ni wanda ya fi burge ni ma Tecno ne, kamfanin Transsion na China. Mutanen nan zuwa suka yi suka zauna suka kalli yadda muke rayuwa, suka ga mutum na yawo da waya biyu saboda kiran wani layi daga wani layi tsada gareshi ga sabis yau akwai gobe babu, sai suka cika kasuwa da mai sim biyu, suka ga wuta bata zama suka sa batir mai daɗewa, suka gyara kyamara yadda fuskar baƙin mutum zata fito sosai ba wai haƙora da ido kawai ba, har Hausa suka sa a cikin wayar. Zuwa 2017 sun wuce Samsung a yawan wayoyin da ake saidawa a Afirka. Yau ka leƙa teburin kowa a nan, Tecno ce da itel da Infinix, duk gida ɗaya ne.

Alhajin Kwari: To ai ka faɗa da bakinka, kamfani. Ni maganar ɗan kasuwa irina nake. Ka zauna ka zaɓi zane, ka biya a buga maka atamfa da sunanka, ka jira kwantena, kaya su iso ka fara saki ana yabawa, kafin sallah ta zo wani ya ɗauki turmi ɗaya ya tura an bugo masa irinta sak a yadi mara nauyi yana saidawa ƙasa da kuɗinka. Kai ka sha wahalar tunani, shi ya kwashi ciniki, naka ya zama kwantai. Ina ribar?

Injiniya: Baba Alhaji to me yasa duk da haka baku daina fito da sabon zane ba duk shekara? Don kun san ranar da kuka tsaya a zanen bara ko kallon shagon mata ba zasu yi ba. Abin da nake faɗa kuna yinsa, suna ne kawai baku sa masa ba.

Alhajin Kwari: Wannan dole ce ta sa, ba riba ba.

Hajiya Mai Gari: Ku bari in sa baki don ni abin a hannuna yake. Da garin ɗanwake a kwano nake aunawa a gida, maƙota ne kawai masu saye. Abin da na lura matan da ke zuwa aiki da 'yan makaranta na kwana basa son wahalar haɗi, ga kuka ga kanwa ga rogo, in hannu ya kauce ɗanwaken ya narke a tukunya. Sai na haɗa komai a leda ɗaya, ruwa kawai zaki zuba ki kwaɓa ki jefa. Kuɗi sun fita kam, injin liƙe leda, sitika, sikeli, ga garin da nayi ta gwadawa ina rabawa kyauta ana ɗanɗanawa har aka samu ma'aunin da ya zauna, da damina kuma sai da na koyi shanya waken ya bushe ƙarau kafin niƙa in ba haka ba garin ya dunƙule a leda ya canza wari. Amma yanzu mudun da nake samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kansa, in ya shiga leda ribarsa ta fi ta kwano nesa ba kusa ba, kuma kayana na zuwa garuruwan da ni ban taɓa takawa ba, direbobin tasha ke kai min.

Alhajin Kwari: Hajiya Allah ya ƙara albarka. Amma tsakani da Allah yanzu mata nawa ke yin irinsa a unguwarku?

Hajiya Mai Gari: Sun fi a ƙirga Alhaji, har kalar sitikata wata ta kwaikwaya. Shi yasa ban zauna ba, na ƙaro garin kunun gyaɗa, yanzu kuma takardun NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, nake bi don manyan kantuna basa karɓar kaya babu lamba, masu kwaikwayon kuma yawanci a nan suke tsayawa.

Malam Ticha: Ni ina ganin kuna ta zagaye abu ɗaya. Ku tuna madara kafin Cowbell. Peak tun 1954 take a ƙasar nan, amma madarar gari a gwangwani take, sai mai hali. 1993 kamfanin da yanzu ake kira Promasidor ya shigo da Cowbell a 'yar ƙaramar leda, suka cire kitsen madarar suka sa na tsirrai don ta jure zafi ta daɗe a teburin mai shago, ɗan makaranta da mai shayi da lebura kowa ya iya saye da canjin aljihunsa. Ba su ƙirƙiro madara ba fa, mutanen da aka manta dasu suka gano. Daga baya manyan ma dole suka sauko leda, yau omo, man goge baki, tumatir, komai a leda yake. Shi kuma wanda ya shigo da kaya iri ɗaya da na wani ba tare da wani bambanci ba, ko da kuɗi gareshi wuya yake sha, Dangote ma ya yi taliyar yara tasa amma Indomie ta riga ta zauna a bakin yara, 2017 ya saida wa masu Indomie ɗin injinan.

Na Farm Centre: Malam wannan ta ƙarshen ai Alhaji ta taimaka ba Injiniya ba 😂

Malam Ticha: Ba wanda na zo taya wa. Injiniya ya ce kowa dole ya zuba kuɗi a sabon abu, ni ban yarda da kowa ɗin ba, mai saida gishiri ko siminti a shago ba sabon kaya ne matsalarsa ba, farashi ne da amana da samun kaya a kan lokaci. Alhaji kuma yana magana kamar duk sabon kaya caca ce, alhali Hajiya bata sa jarinta duka ba, da kaɗan ta fara ta ga an karɓa sannan ta sayi inji.

Injiniya: Na rage kowa ɗin, amma duk mai sarrafa abu da hannunsa ko da inji yana ciki. Kuma kwaikwayon da Baba yake kuka dashi, wanda ya fara fitowa shi ke cin farashin farko kafin kasuwa ta cika, sunansa kuma shi ake kiran kayan dashi, kowane garin wanki omo muke cewa, kowane ɗanɗano magi.

Alhajin Kwari: Sunan ba shi zai biya min kuɗin kwantena ba. Ni dai a atamfa wanda ya jira ya ga zanen da ya karɓu sannan ya sara ya fi wanda ya fara kwanciyar hankali, kuma na ga masu gaggawar da yawa sun bar layinmu. Hajiya ke dai turo min farashin katan na garin ɗanwaken, akwai baƙina 'yan Maraɗi da ke zuwa sari ranar Litinin, in sun ɗauka sai mu san inda aka kwana.

Hajiya Mai Gari: To Alhaji, amma kuɗi hannu ne fa, bana ba da bashi.