"Araha ba ta ado": har da agogon masu nutso?

Baban Ummi: Jama'a, ku raba ni gardama da yayana. Agogo nake nema wanda zan yi alwala da shi, in shiga gona da damina, wani lokaci mu je kamun kifi Tiga. Na nuna masa Casio Duro, mai rubutun mita 200 a fuska, wato zurfin ruwan da aka ce yana jurewa, sai ya taɓe baki ya ce araha ba ta ado. Wai duk abu mai sauƙin kuɗi wannan maganar ta hau kansa ke nan?

Malam Tsoho: Ɗana, saurari kalmar da kyau. Ado aka ce, ba a ce aiki ba. Ana faɗinta ga wanda ya sayi abu don a gani a yaba, sai abin ya tona masa asiri. Kai kuwa gona za ka. Amma in za ka yi alwala, ka motsa agogon ruwa ya ratsa ƙarƙashinsa.

Maman Sadiq: Malam, a gafarce ni, mu ba haka muke amfani da ita ba. Atamfar da ta zuba a wankin farko muke faɗa wa haka. Ƙarko ake nufi. Abin da ya koɗe a sati biyu wane ado zai yi?

Ɗan Maradi: Hajiya ta yi gaskiya, ni shaida ne. Na taɓa sayen wani a tebur, an rubuta masa Submariner, har da ɗan kambin nan, tambarin Rolex. Ruwan sama ɗaya ya dake ni a kan babur, kafin in isa gida gilashin ya yi hazo daga ciki, washegari allurar ta tsaya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne!

Malam Tsoho: Wannan kuma ga mutane ake yi wa, in ƙarami ya ja da wanda ya fi ƙarfinsa. Amma ta zauna, na bar maka.

Mai Gyaran Agogo: Ɗan Maradi, naka ba araha ba ne, jabu ne. Submariner na gaske Rolex ta fara ƙera shi a 1953, shekarar da Blancpain ta fito da Fifty Fathoms, kuma ba a tebur ake samunsa ba. Baban Ummi, lambar da ke fuskar agogo tana ruɗin mutane. Mai rubutun mita 30 fantsamar ruwa kawai yake jurewa, kada a yi iyo da shi. Wanda aka rubuta wa "Diver's" shi ne ya bi ƙa'idar duniya ta agogon masu nutso, ISO 6425, wadda ba ta karɓar ƙasa da mita 100. Duro ba shi da wannan shaidar, amma makunninsa na gefe ɗaurewa ake yi kamar noti, zoben bakinsa kuma gefe ɗaya yake juyawa, don in ya gogi wani abu a ƙarƙashin ruwa ya nuna wa mai nutso lokaci ya tafi fiye da yadda yake, ya fito da wuri. Mu nan shinkafa a wuta muke aunawa da shi. Abin da ke kashe agogo a wajenmu robar murfin baya ce: zafi ya busar da ita, ko a canza batir a mayar da ita a karkace.

Maman Sadiq: To ai ka ga, in ya yi ƙarko maganar ba ta hau kansa ba. Ni ce da gaskiya.

Malam Tsoho: Yayan nasa dai ado yake nufi, Hajiya. Na san irinsu, agogon ɗaurin aure yake so.

Baban Ummi: Wallahi Malam kamar ka san shi. Maigida mai gyara, batir ɗin fa? Ba na son a riƙa buɗe mini shi.

Mai Gyaran Agogo: To nemi Citizen Promaster mai Eco-Drive, da haske yake caji, sai dai ya fi tsada. In Duro ɗin ne, gwada shi tukuna, milimita 44 ne faɗinsa, siririn hannu ba ya ɗaukarsa. Maɗaurin robar kuma ka sauya da na lailon kafin zafin Afrilu.