Tsarin tafiyar jirgin sama da izinin hasumiyar filin jirgi: yaya kuke fama?

Ɗalibin Tuƙi: Assalamu alaikum manya. Na fara cike takardar tsarin tafiya ta ICAO (hukumar sufurin jiragen sama ta duniya) da kaina, kuma ba laifi. Karɓar izini a rediyo ne ke sa ni zufa. Kafin in rubuta hanya, mai magana har ya kai ƙarshe. Ku yaya kuka yi a farkonku?

Tsohon Kyaftin: Wa alaikumus salam ƙanena. Jerin kusan ɗaya ne kullum: inda aka yarje maka ka kai, hanyar fita, tsayin da za ka fara hawa, sai lambobi huɗu na na'urar da ke nuna ka a radar. Ni tun kafin in danna makirfo nake jera musu gurabe a takardar da ke kan cinyata, sai cikewa kawai. Yanzu a manyan filaye izinin kan zo a rubuce a allon jirgi, yaran zamani sun huta.

Ta Hasumiya: Kyaftin ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara daga ɓangarenmu. Takardar da ka shigar roƙo ce, abin da na karanta maka shi za ka bi. Sau da yawa nakan canza wa matuƙi hanyar fita saboda cunkoso ko hadari, sai in ji ya maimaita min wadda ya rubuta tun da safe. Kunnensa abin da yake jira ya ji. Shi ya sa ba ma wasa da maimaitawa. A tsibirin Tenerife na Sifaniya, 1977, jirgin kamfanin KLM ya taso a hazo bayan an ba shi izinin hanya, ba na tashi ba, ya afka wa na Pan Am, mutum 583 suka rasu. In ba ka ji ba ka ce in sake, wallahi ba na jin haushi. Wanda ke cika baki ya amsa bai gane ba, shi ke tayar min da hankali.

Mai Tsara Tafiya: Mu a ofis awa guda kafin tashi ce mafi ƙaranci wajen shigar da takarda, kuma komai da agogon UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya. In jinkiri ya wuce minti 30, sai mun aika gyara. Turai kuwa sai haƙuri: kwamfutar Eurocontrol, hukumar da ke tsara zirga-zirgar jiragensu, kan dawo min da takarda saboda kuskure a gaɓa ɗaya a hanya, in ta ba ka lokacin tashi kuma, minti 5 kafinsa ko 10 bayansa ke gare ka.

Mai Ƙaramin Jirgi: Hajiya ta hasumiya, a gaishe ku. Ɗalibi, in ka sauka a filin da babu hasumiya, kira ka rufe takardarka, wato ka sanar ka sauka, kafin ka ɗaure jirgi. Wani abokina ya manta, yana kwance yana hutawa aka fara cigiyarsa ta waya, saura kaɗan a tura masu ceto.