Disc golf a kan tsauni, wane faifai zan rike?

Bakon_Denver: Salam yan uwa, ranar asabar zamu je wani karamin filin disc golf (wasan jefa faifai cikin kwando) a tsaunukan Colorado, kwanduna 9 ne kawai amma ance bishiyoyi sun cika wajen, wane faifai ya kamata in dauka?

MaiSaiti: Wslm. Dan uwa bar driver (faifan jifan nesa) a gida, putter (na jifan kusa da kwando) da midrange (na matsakaicin nisa) sun isheka, cikin daji saiti ake nema, kana kara karfi zai daki icce ya gangara kwari sai ka sha wahalar nemansa wlh.

Yar_Boulder: Kuma iska a can sama bata da kauri, in da hannun dama kake jifan backhand (jifa ta bayan hannu), faifan saurin karkata hagu yake, ka lura.

Kawu77: Dauki mai ruwan lemo, kore bacewa yake cikin ganye. Kar ka manta ruwan sha.